Bayanin da Bai Amsa Sunansa Ba

Sufeto Rasaki Ajadi mutum ne da ba ya wasa da abincin rana. Duk wanda ya yi aiki da shi a ofishin 'yan sanda na unguwarmu, nan Badun, ya san idan amala ta sauka a teburinsa, ko uban wa ya zo sai ya jira. Ranar Talatar ma ya wanke hannu, ya jawo kwanon miyar ewedu, sai Saja Titilayo ta leƙo.

"Oga, wata tsohuwa ce a kantar karɓar ƙara. Ta ce an yi mata sata."

"Ki rubuta mana. Me aka sace?"

"Kaset."

"Kaset? A wannan zamanin?"

"Na rikoda, Oga. Ta kuma ce in gaya maka, in kai ne Rasaki mai zama a bencin baya, ka fito da ƙafarka kafin ta shigo da tata."

Sufeto ya mayar da lomar da ya yanko. Mutum ɗaya ce a duniya za ta aiko masa da irin wannan saƙo. Ya goge hannu ya fita har yana tuntuɓe.

Farfesa Wuraola Oyedeji ce, wadda ta koya masa tarihi a sakandare tun kafin ta koma jami'a. Ta kusa tamanin, amma ɗaurin ɗankwalinta yana nan a tsaye. Sufeto, da kakinsa da tumbinsa, ya rusuna har yatsunsa suka taɓa ƙasa, kuratan kanta suna gumtse dariya.

"Mama, sannu da zuwa. Ina gajiya?"

"Ka yi ƙiba, Rasaki. Samo mini kujera."

Da ta zauna sai muryarta ta sauka. Ta ce littafi take rubutawa a kan gidajen makaɗan kalangu na Badun, aikin da ta daɗe tana tara wa kaya. Cikin hirarrakin da ta ɗauka tun tana da ƙarfinta akwai ta wani tsohon makaɗi, Baba Ayanlola, wanda ya daɗe da rasuwa. Kaset ɗin ya ɓace. Sakin layin da ta kawo maganarsa a babi na huɗu ya ɓace. Bayanin ƙasan shafin da ya nuna inda ta samo maganar shi ma ya ɓace.

"Yanzu kowa a gidan cewa yake ba a taɓa yin wani Ayanlola ba," in ji ta. "Wai mafarki na yi. Ɗana Folarin ya zo daga Ikko, ran Asabar zai tafi da ni, a miƙa littafin ga wani ya ƙarasa. Ba kaset nake so ka nemo mini ba, Rasaki. So nake ka gano ko hankalina yana nan."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Amalar nan dai kurata ne suka ci rabonsu.

Gidan Farfesa a unguwar Bodija yake. Sufeto ya duba ƙofa da tagogi, babu inda aka ɓalle. Kwamfuta tana kan tebur, firinta na gefenta, babu wanda ya taɓa su. Kasakasan suna cikin wani tsohon akwatin katako, a zube ba tsari, ta yadda ko goma aka cire ba za ka gane ba.

"Su wa ke da makullin ɗakin nan?"

"Ni, da editana Mista Josiah, da Sikira mai taya ni buga rubutu. Folarin kuma idan ya zo yakan ɗauki nawa."

"To Mama, nuna mini yadda ake goge abu a nan har ya rasa sawu."

Ta kunna kwamfutar. Sufeto ya yi zaton zai ga shafuka masu ado, sai ya ga baƙin rubutu tsurarsa a farin fili. Farfesa ba ta amfani da manyan manhajojin nan masu kwalliya, tun ranar da wata ta hargitsa mata lambobin bayanai ana gobe za ta kai aiki maɗaba'a. Ta koma manhajar rubutu zalla, kuma duk wanda ya zo gidan sai ya sha wa'azi a kai.

"Matso, kada ka tsaya a baya kamar da," ta ce. "Kowane babi fayil ɗinsa daban. Bayanan ƙasan shafi kuwa duk suna fayil guda, su ma daban. Ba na ba su lamba, suna nake ba su. Ka ga nan, cikin babi, wannan 'yar kalmar a cikin baka biyu na rubutu? Sunan wani bayani ne. Ranar da na ce wa kwamfuta ta haɗa littafin, sai ta bi babi babi tana kiran sunayen, kamar yadda nake kiran sunayenku a aji. Wanda ya amsa, ta ba shi lamba, ta zaunar da shi a ƙasan shafinsa."

"Wanda bai amsa ba fa?"

"Sai ta buga alamar tambaya biyu a wurin, manya, yadda ko makaho zai lura."

"To an samu alamar?"

Ta girgiza kai. "Na haɗa littafin kaf. Babu ko ɗaya. Wanda ya goge bayanin ya bi duk fayilolin ya goge kiran sunansa. Ko kuma..." Ba ta ƙarasa ba.

"Babu wani kwafin a ajiye?"

"Akwai, amma duk Juma'a ake sabunta shi, sabo ya danne tsoho."

A falo Injiniya Folarin yake jira, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Mutum ne mai son uwarsa, wannan ba a musu, sai dai irin son nan ne mai gaggawa.

"Sufeto, ka yi haƙuri an ɓata maka lokaci. Mama ta sa tabaranta a firij watan jiya. Rannan da sunan marigayi babana ta kira ni."

"Ni ma nakan kira ɗana da sunan ƙanena. Yaushe ka zo?"

"Ran Lahadi."

"Maigadi ya ce ya ga motarka tun makon jiya."

Injiniya ya sosa ƙeya. "Na zo ganin likita ne a kan maganarta, ban so ta sani ba."

"Ka taɓa kwamfutarta?"

"Sau ɗaya na buɗe. Wallahi ban gane komai ba, na rufe."

Sufeto ya yarda da shi, don shi ma bai gane rabin abin ba sai da aka kawo zancen aji.

A baranda suka sami Mista Josiah Oluwole, edita, dattijo fes da shi, farar riga da jan biro a aljihu. Ya yi rayuwarsa yana gyaran littattafan mutane a maɗaba'un Badun, kuma dikon ne, wato mai hidima, a cocinsu. Ya miƙe ya gaishe su, har ya ba Saja kujerarsa.

"Baba, ka san wani Ayanlola?"

"Ban taɓa jin sunan ba, Sufeto. Kuma babu layin littafin nan da bai bi ta ƙarƙashin idona ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Abin yana ci mini rai. Ƙwaƙwalwa irin ta Farfesa!"

"Ka iya aikin fayilolin nan?"

"Ita ta koya mini, da tsufana. Da farko na ƙi, yanzu kuwa ina jin daɗinsa. Abu ɗaya ne har gobe ba mu shirya a kai ba." Ya yi murmushi. "Ka san ibid?"

"Ɗan wace unguwa ne?"

Mista Josiah ya yi dariya. "Kalmar Latin ce. Idan bayani biyu suka biyo juna, duka daga littafi ɗaya, ba a maimaita sunan littafin a na biyun. Sai a rubuta ibid, wato daidai da na sama. Haka aka koya mana, har dukan hannu mun sha a kai. Farfesa kuwa ta haramta. Ta ce a tsarinta bayani yana iya canza maƙwabci kowane lokaci, na sama yau ba shi ne na sama gobe ba. Tana da gaskiya, amma idona ba ya son ganin maimaici."

Yana magana yatsunsa suna buga hannun kujera. Ba irin bugun mai jiran mota ba ne, bugu ne mai tsari, har ƙafar Saja ta fara bi ba ta sani ba. Da ya ga Sufeto na kallo sai ya tura hannun aljihu.

Da suka fito Saja ta ce, "Oga, in faɗi gaskiya? Ina jin tsohuwar nan ta fara rikicewa."

"Ƙila," in ji Sufeto. Bai ji daɗin faɗin haka ba ko kaɗan.

Washegari suka shiga tasi zuwa Oke-Ado, inda Madam Sikira ke da shagon buga takardu. Mace ce mai jiki da fara'a, tana cin dafaffiyar masara da hannu ɗaya, tana buga wa wani takardar haya da ɗayan.

"Madam, kin san Ayanlola?"

"Oga, ni yatsuna ne ke karatu, ba kaina ba. Ko sunana aka ba ni zan buga ban lura ba. Babi na huɗu ma Mama ce ta buga abinta."

"Kina zuwa da aikin Farfesa nan shagon?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Mama ta hana. Ta ce fayil ɗaya ya zama biyu, an shiga uku."

Saja Titilayo tana ta kallon firinta. Ta sunkuya ta zaro wata takarda daga kwandon shara, ta miƙa wa Sufeto. Rabin shafi ne da tawada ta ɓata, amma ana iya karanta kalmar kalangu har wuri uku, ga 'yan kalmomi a cikin baka.

"Masu haya ne suka koma kiɗa?" in ji Sufeto.

Madam Sikira ta ajiye masarar. "Oga, don Allah ka rufa mini asiri. Babi na tara ne kawai. Gyare-gyare ta ba ni, a Bodija kuma babu wuta, sai na kwafe shi a filas, ɗan abin nan na ajiyar fayil, na taho da shi. Na ce kwana biyu zan gama, aiki ya taso ni gaba, har yau ban mayar ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Injiniya ya fara zuwa. An kwana biyu."

"Wa ya san yana wurinki?"

"Daga ni sai Allah. Wa zan gaya wa, a kore ni?"

Sufeto ya karɓi filas ɗin ya jefa a aljihu. Ya sayi masara biyu a bakin shagon, ya ba Saja ɗaya. Tun jiya sai yanzu ya ji yunwa ta gaskiya.

Da suka koma Bodija bai yi wa Farfesa dogon bayani ba. Ya ce ta ajiye babi na tara na cikin kwamfutarta gefe, ta sa wannan a madadinsa, ta haɗa littafin.

"Sikira ko?" ta ce. "Za mu gamu."

"Mama, haɗa tukuna."

Ta danna. Kwamfutar ta ɗan yi nazari, sannan shafukan suka fito. Farfesa ta gangara babi na tara a hankali, Sufeto da Saja sun sunkuyo ta bayanta. Can tsakiyar wani shafi sai ga su, alamar tambaya biyu, baƙaƙe, a ƙarshen wani layi.

Saja ta karanta layin da ƙarfi: "Ba kowane ɗan makaɗi ne ke karɓar kalangun gidansu ba, kamar yadda muka ji daga bakin wani uba a baya."

Farfesa ta buɗe fayil ɗin kansa, ta nemo wurin. A cikin baka an rubuta sunan da aka kira bai amsa ba: ayanlola-kaset.

Ta cire tabarau ta ajiye. 

"Ga shi nan," ta ce. "Ni na raɗa masa sunan nan da hannuna."

Daɗi ya kama Sufeto kamar shi aka wanke. Amma ya san rabin aiki ke nan. An tabbatar an yi sata, saura ɓarawo.

"Mama, mu a aikinmu idan mutum ya ɓace, maƙwabtansa muke fara tambaya. Buɗe fayil ɗin bayanan, nuna mini inda ya kamata a ce yana zaune. Wa ke samansa, wa ke ƙasansa?"

Ta buɗe. Bayanan babi na huɗu suna jere yadda suka zo a babin. Ta sa yatsa a wani wuri. Na sama yana nuni ga wani tsohon littafin tarihin gari, da sunan marubucin da shafi. Na ƙasa kuwa ɗan guntu ne.

Sufeto ya karanta a hankali. "Ibid."

Farfesa ta mayar da tabaranta da sauri. "Me ka ce?"

"Bincika mini littafin kaf. Sau nawa kalmar nan ta fito?"

Ta bincika. Wuri ɗaya ne tak.

Ta jingina da kujera. Sufeto ya ga fuskarta ta canza, farin cikin ɗazu ya ragu. Ya juya ya yi wa Saja magana ƙasa ƙasa, ya aike ta Molete, unguwar Mista Josiah, ya ce ta zaga wurin masu gyaran rediyo.

Kafin la'asar ta bugo waya.

"Oga, na samu. Wani mai gyara a bakin titinsu ya ce Baba Dikon ya kawo masa tsohuwar rikoda kwanan baya, ya ce a tashe ta ko ta halin ƙaƙa. Mai gyaran har tsokanarsa ya yi, ya ce ko tsohuwar budurwa ce ta aiko da saƙo."

Ran Alhamis da safe Mista Josiah ya zo aiki kamar kullum, da jakarsa ta fata a hammata. Ya tarar da Farfesa da Injiniya da 'yan sanda biyu a ɗakin karatu. Ya gaishe da kowa, bai rage ko ɗaya ba.

"Baba, zauna," in ji Sufeto. "Taimako nake nema, na edita. Dubi bayanin nan. Daidai yake?"

Mista Josiah ya duba. "Daidai yake. Littafi ɗaya ne da na samansa, don haka..." Sai ya tsaya.

"Don haka ibid. Amma Mama ba ta rubuta ibid, kai ka gaya mini. Madam Sikira abin da aka ba ta take bugawa. Injiniya bai san ma ta inda ake shiga ba." Sufeto ya gyara zama. "Ga yadda nake gani. Da can akwai wani bayani a tsakanin waɗannan biyun. Da aka cire shi, sai suka haɗe, sunan littafi ɗaya sau biyu a jere. Wanda ya cire ya karanta shafin don ya tabbata bai bar sawu ba. Sai idonsa ya ga maimaici, hannunsa ya gyara kafin kansa ya hana shi."

"Wannan zato ne, Sufeto."

"Haka ne. Mama, nuna masa babi na tara."

Ta juyo masa da kwamfutar. Ya ga alamar tambayar nan biyu, ya ga sunan da ke cikin baka.

"Na goge wannan," ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa. "Na bi su ɗaya bayan ɗaya."

"Ka goge na cikin gida. Wannan ya je yawo Oke-Ado. Sannan ga rikodar da ka kai gyara. Me kake saurare, Baba?"

Mista Josiah ya ɗora jakarsa a cinya, ya zuge, ya zaro wani abu naɗe cikin farin hankici. Ya ajiye a tebur ya warware. Kaset ne, da rubutun Farfesa a jikinsa.

"Ban iya barinsa a gida ba, ban iya fasa shi ba," ya ce. "Kullum yana tare da ni."

"Me ya sa?" in ji Farfesa. Muryarta ba ta tashi ba.

"Mahaifina ne, Farfesa. Sunana na yanka Ayantunji. Ina saurayi na shiga coci, irin cocin da ke cewa kalangun gidanmu na bautar gumaka ne. Na canza suna, na bar gida, ban waiwaya ba. Ko jana'izarsa ban je ba. Matata da 'ya'yana sun san ni maraya ne tun ina yaro." Ya dubi kaset ɗin. "Kika ba ni kaset in duba ko kin kwafi maganar daidai. Na sa a kunne, sai na ji muryarsa. Yana maganata. Na ce idan littafin nan ya fito, tsofaffin unguwarmu za su gane, magana za ta kai coci, ta kai gidana."

"Ba ka ga ban sa sunan ɗan ba?"

"Na gani. Tsoro ba ya karatu, Farfesa."

"Josiah, da ka roƙe ni kaset ɗin nan, da na ba ka kyauta. Da ka ce in cire sakin layin, da mun zauna mun yi magana." Ta nuna kujerar da yake kai. "Amma a nan ka zauna, ka kalli idona, ka ce mini Farfesa ki huta, kin gaji. Ka ji ɗana yana shirin kwashe ni, ka yi shiru. Don ka ɓoye ubanka sai ka ba da hankalina."

Mista Josiah ya zame daga kujera ya kwanta rub da ciki, da farar rigarsa da komai.

"Na yi laifi. Ba ni da bakin magana."

Sufeto ya ji tausayinsa, ba zai ɓoye ba, amma aiki aiki ne. Ya yi wa Saja ishara.

"Tashi, Baba. Za ka bi mu ofis ka rubuta bayani. Abin da zai biyo baya yana hannun mai ƙara."

Saja ta kama shi ya miƙe, ta karkaɗe masa riga. Ba ta fito da ankwa ba, babu wanda ya ga buƙatar haka. A bakin ƙofa ya juyo ya kalli kaset ɗin.

"Zan sa a kwafa maka," in ji Farfesa ba tare da ta dube shi ba. "Muryar ubanka ce, ba zan hana ka ba. Makullina kuwa ka ajiye a nan."

Ya ajiye makullin, Saja ta fita da shi zuwa mota.

Sufeto ya ɗauki hula zai bi su, Farfesa ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Rasaki, ban sallame ka ba. Folarin, ɗauko rikoda. Kada ka kunna tukuna."

Ta jawo kwamfutar, ta buɗe babi na huɗu, ta fara buga sakin layin da ka, har da bayaninsa, a hankali, da yatsu biyu. Da ta gama ta sa Folarin ya karanta da ƙarfi.

Ya karanta: "Ɗana ya fi ni hannu tun yana ƙarami. Ya ce kalangu ƙazanta ne, ya tafi. Ban yi fushi ba. Nasa yana nan a rataye, ina shafa masa mai, ko zai zo."

"Yanzu kunna."

Kaset ya yi ta shuu, aka ji carar zakara da hayaniyar yara. Sai muryar Farfesa ta lokacin ƙuruciyarta ta faɗi rana da shekara, ta yi tambaya. Wani tsoho ya yi gyaran murya, ya amsa da Yarbancin mutanen da. Suka saurara har ya iso wurin. Folarin yana bin rubutun da ido, tsohon yana faɗa, kalma bayan kalma, har zuwa ko zai zo.

Injiniya bai jira an gama ba. Ya kwanta a gaban uwarsa, goshinsa a ƙasa.

"Mama, ki yafe mini."

Ta bar shi a kwance ya ɗan ji sanyin siminti. Sannan ta dubi Sufeto.

"Ka san abin da ya fi ba ni tsoro? Kafin in zo wurinka na fara yarda da su. Na zauna a ɗakin nan na ce, Wuraola, ƙila ke ce." Ta share ido da gefen gyale, ta taɓa kan ɗanta. "Tashi, kai ma tsoro ne ya kama ka. Ka gaya wa likitanka zan zo da ƙafata in ya zama dole, amma ba ran Asabar ba. Ina da littafi a gabana."

Folarin ya miƙe yana goge gwiwa. Ya sake kallon rubutun, ya yi jim, kamar mai tsoron magana.

"Mama, shekarar da kika rubuta a bayanin... ba ita aka faɗa a kaset ba. Kin ƙara ɗaya."

Farfesa ta leƙa, ta ga haka ne. Sai ta fashe da dariya, irin wadda Sufeto bai taɓa jin ta yi ba duk zamansa a ajinta.

"Wannan kam tsufa ne, na karɓa," ta ce. "Sauran kuwa nawa ne, babu mai ƙwace mini."

Ta gyara shekarar da kanta, ta ci gaba da bugawa. Sufeto ya rusuna ya yi sallama, ba ta ma ɗago ba.